Koren Baba Iliya

Yajin aikin malamai ya kwashe jami'ar nan ta Wudil kaf. Ɗalibai sun watse, masu shayi sun kife teburansu. Godiya mai kula da intanet aka bari a ɗakin na'urori, daga ita sai ƙugin fanka, tunda intanet ba ya shiga yajin aiki.

Ga yadda aikinta yake. Kowane ofishi akwai wayar da ta taso daga cikinsa ta zo ta shiga wata kafa a jikin akwatin da ake kira suwic. Shi kuma akwatin yana ba kowace kafa lamba, da ita kwamfutar Godiya mai sa ido take gane ta. Godiya ce ta zauna ta haɗa kowace lamba da sunan mai ofishin. In mutum ya kunna kwamfutarsa, sunansa ya yi kore a allonta. In ya kashe, ya koma ja.

Cikin sunayen nan ɗaya ne ya dame ta, Baba Iliya na laburare. Mutumin Billiri ne kamar ita, matarsa ta rasu, ga ciwon suga. 'Yarsa Rifkatu ta bugo daga Jos ta ce, "Don Allah 'yar'uwa, ki riƙa leƙa mana Baba." Godiya ta ce haba, ai ita ma ubanta ne.

To amma laburare na can ƙarshen makaranta, ga rana, ga Baba da baki. In ya kama ka da labarin zaɓen Jamhuriya ta Biyu, sai dai la'asar ta raba ku. Sai ta samo dabara. Da safe ta dubi allo, in ta ga kore ta tura wa Rifkatu saƙo cewa Baba lafiya lau. Kai, ɗan Adam da son sauƙi! Har gaishe da koren take yi, "Ina kwana, Baba," don kaɗaici ya ishe ta, wata rana ma wannan ce kaɗai maganar da ke fita daga bakinta.

Ana nan aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, wuta ta ɗauke, suwic ya mutu ya tashi. Allo ya dawo, Baba kore shar. Hankalinta ya kwanta.

Bayan kwanaki, Ya'u masinja ya leƙo ya ce firintar ofishinsu tana gardama. Godiya ta zare wayar firintar daga jikin akwatin don ta gwada. Tana ɗaga kai sai ta ga sunan Baba Iliya ya yi ja. Ta mayar, ya yi kore. Ashe da akwatin ya tashi sake rabon lambobi ya yi, lambar Baba ta koma kan firintar da ba wanda yake kashewa. Tun ranar ruwan nan firinta take gaisarwa.

Ko ƙofa ba ta ja ba, ta fita da gudu. Ta tarar da kwaɗo a ƙofar laburare. Barakatu mai fura, wadda ke zuwa daga Utai, tana zaune a gindin darbejiya.

"Inna, ina Baba?"

"Au, ba ki ji ba? Ai tun kafin kasuwar da ta wuce na tsince shi yashe a bakin ƙofar nan. Ni na tare masa mota zuwa asibitin cikin gari."

A asibitin ta same shi a gadon ƙarshe, ya rame, ba kowa a gefensa, ko kwanon abinci babu. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya kama hannunta, har da murmushinsa. "Sannu da hanya, Godiya 'yata. Sun ce in ba su lambar wani nawa, na ce a'a, kada a tayar miki da hankali, kin yi tafiya. Ai na sani, da kina gari da kin zo."