Mariƙin Bindigar Twila

Dewey Sizemore ya ɗosana bakin ƙarfen a jikin robar, ya ɗaga, ya sake ɗosanawa dab da ramin farko. Siririn hayaƙi ya tashi, fankar da ke bakin taga ta kwashe shi, amma warin ƙonanniyar roba ya riga ya cika garejin. Ƙarfen narka dalma ne, wanda ya shekara talatin yana gyaran rediyo da shi kafin mutane su daina kawo rediyo gyara. Yau kuwa mariƙin ƙaramar bindigar 'yarsa Twila yake yi wa kaushi, ɗigo bayan ɗigo, don ta daina zame mata a hannu.

Kwana uku yana koyon abin. Babu kayan roba da ya tsira a gidan: bokitin wanki, rimot ɗin talabijin, har mariƙin buroshin haƙorinsa duk sun sha ɗige-ɗige. Mu nan tsaunukan Kentucky haka dattawanmu suke, ba za su kai abu wurin gwani ba muddin akwai wuta a gareji.

Twila ta turo ƙofa da ƙafa, kofin kofi a kowane hannu.

"Haba Baba! Ba cewa muka yi sai na fito ba?"

"Kina can kina ta barci. Ƙarfe uku fa ba ta jiran kowa."

"Bakwai da rabi yanzu."

"To, ai rana ta yi."

Ƙarfe uku ɗin ita ce maganar. Twila ma'aikaciyar gandun daji ce, shekara goma sha ɗaya tana yawo cikin kurmi tana kama masu farauta ba bisa ƙa'ida ba. Kafin a mayar da ita bakin aiki sai ta ci gwajin harbi: harsashi hamsin, arba'in su shiga inda ake so, cikin ƙayyadadden lokaci. Sau biyu tana faɗuwa. Ba saiti ne ya gagare ta ba. Da ta harba sai bindigar ta murɗe a tafinta, ta tsaya gyara riƙo, usur ya tashi da sauran harsasai a ciki. Yau ne na uku, kuma babu na huɗu. In ta faɗi, tebur ne ke jiranta a babban ofis, ta ƙare rayuwarta tana buga hatimi a takardun izinin kamun kifi. Saje Hensley, mai kula da gwajin, shi ya ba ta shawara a ɓoye. Ya ce bindigar tata ce, ta yi wa mariƙin abin da ta ga dama, kada dai a taɓa kunama ko lambar gwamnati.

Ta ajiye masa kofi, ta sunkuya ta duba aikin. Aiki kam ya yi kyau, ramukan sun jeru tsaf, babu wanda ya fi wani zurfi. Ya fara daga can ƙasan mariƙin ta gaba, ya cike wuri mai faɗin yatsa biyu.

Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa zai riƙe nan?"

"Kamar yaya wa zai riƙe?"

"Nan ɗin da ka yi. Wane yatsa ne zai zauna a kai?"

Dewey ya dubi mariƙin. Ƙarfen yana hannunsa yana ta hayaƙi. Wurin da ya ɓata awa ɗaya da rabi yana ƙawatawa, mazaunin ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi. Su ne kuwa yatsun da Twila ba ta da su a hannun dama.

Wata takwas ke nan. Suna faskaren itacen hunturu da inji, ita tana ɗora gungume, shi yana jan ƙarfen da ke tura gatarin. Wani maƙwabci ya wuce a mota ya danna hon, Dewey ya waiwaya ya ɗaga masa hannu ɗaya, ɗayan kuma ya ja. Shi ke nan abin da ya faru.

"Duk waɗanda na gani a waya daga nan suke farawa," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Duk waɗanda ka gani yatsunsu biyar ne."

Ya ajiye ƙarfen a mazauninsa. Kunya ta kama shi har wuyansa ya yi ja. Roba in ta ƙone ta ƙone, ba a mayar da ita. Ya janyo akwatin kayan aiki yana ta bincike, ba don ya manta inda abin yake ba, har ya fito da gwangwanin shuɗin alli na kafintoci. Ya san dabarar tun farko, tsallake ta ya yi: a shafa alli a tafin mai bindigar, ya riƙe, inda allin ya zauna nan ake yi wa kaushi. Ya tura mata gwangwanin a kan tebur, idonsa na kan bango.

"Shafa ki riƙe mu gani."

"Kai za ka shafa min."

"Hannuna da datti."

"Baba." Ta ja kujera ta zauna a gabansa. "Wata takwas kana magana da kafaɗata. In na miƙo maka gishiri da dama sai ka ce abincin ya ji. Ka ɗauka ban lura ba?"

"Ni na ja ƙarfen nan, Twila."

"Na sani mana, ai ina wurin."

Dariya ta so kuɓuce masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Na yi fushi da kai," ta ce. "Har Kirsimeti ina fushi, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu na gaji da shi. Daji nake so in koma. Ba kuwa za ka iya gyara wa hannu mariƙi ba alhali ka ƙi kallon hannun."

Ta shimfiɗa shi a kan tebur, tafin yana sama.

Dewey ya mayar da tabarau. Ya kalla. Tabon ya bi gefen tafin a karkace, ya yi fari, da alamun ɗinki ƙanana. Ya tsoma babban yatsa a alli ya fara shafawa a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai.

"Da zafi?"

"Sai in za a yi ruwa. Na fi mai hasashen yanayi na talabijin iya faɗa."

Yana shafawa yana gani. Gindin babban yatsanta ya yi kauri, ya yi tauri. Yatsan tsakiya ya yi kanta a gefe, shi kaɗai yake ɗaukar aikin uku. Tsohon mai gyara ya farka a cikinsa, ya juya hannun, ya matsa nan, ya matsa can.

"Kawo na hagun ma."

Ya shafe duka biyun. Ta ɗauki gangar jikin bindigar, wadda aka riga aka kwance aka cire mata komai, ta riƙe yadda take riƙewa a filin harbi, ta matse, ta saki. Suka haɗa kai suna dubawa. Shuɗin ya zauna can sama ƙarƙashin zoben kunama, ya zauna a bayan mariƙin, ya kuma yi babban tambari a gefen hagu. Ƙasan da ya yi wa ado ko ƙura bai samu ba.

"Kai!" in ji Dewey. "Ashe hagun ce ke riƙe bindigar, ta daman rakiya kawai take yi. Kin ga nan? A nan take zame miki, wurin sumul yake kamar sabulu."

"To me za a yi?"

"Nan za a yi masa kaushi sosai. Nan sama kuma a yi ƙanana, kada ya cinye miki yatsan da ya rage yana aiki. Miƙo min salatif."

Ya zagaye tambarin allin da salatif, ya rufe lambar gwamnati ruf, ya koma kan ƙarfensa. Gefen hagun nan robar ba ta da kauri, in hannu ya yi nauyi kaɗan sai a huda ta, a rasa bindigar gaba ɗaya. Twila ta ga yadda yake riƙe numfashi kafin kowane ɗigo, sai ta riƙe masa fitila. Can da ya gaji ya miƙe baya, ta ce ya ba ta ta gwada. Ta yi guda shida, biyu suka karkace.

"Tashi, tashi! Wannan ai tonon kaza ne."

"Rimot ɗinka ma haka ya fara."

Sha biyu ta wuce kafin su gama. Ya bi da samfefa sama-sama, ya wanke, ya busar. Ta haɗa bindigar, ta jiƙa hannuwanta a famfo da gangan, ta riƙe. Ya kama bakin ya murɗa iya ƙarfinsa, bindigar ba ta motsa ba. Suka ci wake da burodin masara a tsaye, suka hau a-kori-kurarsa.

A filin gwajin Dewey ya ƙi fitowa daga mota. Ya ce rana ta yi zafi, ƙafarsa kuma tana ciwo. Ƙarya yake yi, tsoro ne. Ya sauke gilashi yana jin ƙarar daga bayan tudun ƙasa, yana ƙirgawa da yatsu a kan sitiyari. Mutum huɗu ke harbi tare, ƙirgen ya rikice masa tun a zagaye na biyu, amma bai daina ba.

Aka yi tsit. Minti goma, sha biyar. Sai ga ta ta ɓullo da naɗaɗɗiyar takardar da ta harba a hammata, tana tafiya ba sauri, fuskarta ba ta nuna komai ba. Halin uwarta ke nan sak, Allah ya ji ƙanta. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗaura bel.

"To?"

"Saje ya ce wane makaho ne ya yi ɗigo shidan nan na gefe."

"Twila, kada ki kashe ni."

"Arba'in da uku. Litinin ƙarfe shida zan karɓi motata ta aiki."

Dewey ya kifa goshi a kan sitiyari har hon ya yi ƙara, su Saje suka waiwayo. Ya ɗago yana share ido da bayan hannu, bai ko ji kunya ba.

"Mu ga hannun," ya ce.

Ta miƙa masa na hagu, wanda kaushin ya yi wa ja.

"Ba wannan ba. Ɗayan."

Ta ba shi. Gefen yatsan tsakiya ya ɗan sale, jini ya tsattsafo kaɗan. Ya duba da kyau, ya hura masa iska, ya ce gobe zai ƙara bi da samfefa a wurin. Ya tayar da mota da hagu, ya sa giya da hagu, da ƙyar, motar tana ta tangaɗi.

"Baba, sakar min hannu ka tuƙa mu da kyau."

"Na iya hanyar," ya ce.