Yatsan Kuramoto

Ƙarfe goma da kwata Nagamine ya gane ya ɓaro aiki. Shi ne sabon injiniyan ƙungiyar masu kiwon kifi ta garin. Da safen nan ya ga jerin hanyoyin da kwamfuta ke bi ta ɗauko sassan manhajarta ya cika tsawo da tarkace, sai ya zauna ya rage shi. To, ya rage ɗin. Yanzu duk umarnin da ya buga a baƙar tagar da ake ba kwamfuta umarni, amsa ɗaya take ba shi: ba a ga sashen ba.

Wannan manhaja ita ke hasashen ko jan ruwa mai kashe kifi zai shigo gaɓa. Ƙarfe sha ɗaya ake aika wa masu kejin kifi a teku saƙo, su ba kifi abinci ko su ƙyale, don kifin da ya ƙoshi shi jan ruwa ke fara shaƙewa. In saƙo bai je ba, abinci za su zuba kamar kullum. Nagamine ya kashe kwamfutar ya kunna, ya kuma, tsoro ya kama shi sosai.

Sai ga Kuramoto, dattijuwar da ke kula da takardun ofis. Shekara talatin ta yi a tashar jirgin ƙasa, inda aka koya mata kada ta yarda da ido kaɗai, sai ta nuna abu da yatsa ta faɗi sunansa da ƙarfi. Har tukunyar shayi haka take yi mata. Nagamine ya sha kwaikwayonta wajen cin abinci ana dariya.

"Nagamine-san, me ya samu fuskarka kamar ka haɗiyi ƙayar kifi? Matsa can."

"Kuramoto-san, wannan fa ba jirgin ƙasa ba ne."

Duk da haka ya gaya mata yadda ya rage jerin. "Na ji, malam. Buɗe min tsohon jerin kusa da naka."

Ba ta san komai a harkar manhaja ba, amma ta miƙe tsaye ƙyam ta ɗaga hannu. "Na ɗaya, akwai! Na biyu, akwai! Na uku, akwai! Na huɗu..." Yatsan ya tsaya cak. "Ina ka kai na huɗu?"

Sau goma ya karanta jerin nan, idonsa na tsallake gurbin. Wata tsohuwar jakar fayiloli ce da ya ɗauka shara ce, ashe a cikinta duk sauran sassan ke samun gindin zama. Ya mayar da layin. Lambobi suka zubo. Saura minti takwas saƙo ya tafi: kada a ba kifi abinci yau.

Da la'asar teku ya rine kamar tsatsa, kifin kuwa suka tsira da ransu.

Washegari Nagamine ya tsaya gaban kwamfutarsa, kunya fal cikinsa, ya ɗaga yatsa. "Na ɗaya, akwai."

Kuramoto ko ɗago kai ba ta yi daga takardunta ba. "Ɗaga murya, ɗana. Ban ji ba."