Waƙa a Saman Asibitin Haƙori

Ƙungiyarmu ta mawaƙa ba ta neman riba ba ce, kuma ko da nema muke yi, da ba mu samu ba. Teloli ne da direbobi da malaman makaranta, sai wata tsohuwar nas da muke kira Goggo. Yayata ce shugaba: ta ɗaga hannu mu ɗauka, ta sauke mu yi tsit. Ni kuwa, da yake bakina ba ya gajiya, ni aka ɗora wa nemo masu sauraro da masu tallafi.

Na shiga ofisoshi har dunduniyar takalmina ta cinye. Ko'ina amsa ɗaya ce: "Za mu neme ku." Wasanmu na ƙarshe kujeru sun fi mutane yawa, mutanen ma duk dangi ne. Mijin Yaya har da munshari a layin gaba.

A wani ɗaki saman bene muke gwaji, ƙasanmu kuma asibitin haƙori ne. Da yamma muke zuwa, bayan likitan ya rufe. Da direbobinmu suka samu aikin yamma, sai muka koma Asabar da hantsi.

Wata Asabar muna tsakiyar waƙa, muryar maza ta zame, Yaya ta sauke hannu. Ba a jima ba muka ji takun mutum a matakala. Sai ga likitan a bakin ƙofa, da farar riga, takunkumi a haɓa.

Dogo direba ya raɗa mini, "Shi ke nan, yau za a watso mana kaya waje."

Yaya ta riga likitan magana. "Ka yi haƙuri, Likita. Za mu rage murya."

"Ku rage?" in ji shi. "Baiwar Allah, ni roƙo na zo. Me ya sa kuka tsaya? Ina da dattijo a kan kujera, ya riƙe mini hannu ya ce ba zan taɓa bakinsa ba sai kun ƙarasa."

Goggo ce ta fara fashewa da dariya, muka bi ta. Muka ɗauko waƙar daga farko, ba mu tsaya ba.

Da ya sallami mutanensa ya dawo ya zauna a kan bencinmu. Ya ce tun da muka koma Asabar, yaran da ke tsala ihu da ganin allura sun rage, manya kuma kowa Asabar yake so a rubuta masa. Sakatariyarsa ta gaji da amsa tambayar su wane ne a sama. Ya ce zai ɗauke mana hayar ɗakin, mu dai mu riƙa rerawa ba yankewa.

Ni har na buɗe baki zan yi godiya, Yaya ta taka mini ƙafa.

"Likita, mu ba rediyo ba ne," ta ce. "Gwaji muke yi. In ban tsayar da su na gyara ba, haka za su tafi da kuskuren har gaban jama'a."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ga arziki ya hawo bene da ƙafarsa, Yaya za ta kora shi. Amma likitan bai ji haushi ba. Ya sosa ƙeya, ya tambaye ta yaya za a yi ke nan. Suka daidaita: farkon zama na gyara ne, shi kuma ya ajiye masu tsoro sai can kusa da azahar, lokacin da muke rera waƙoƙin a jere. Ni ma na samu nawa, ya yarda in liƙa sanarwarmu a ɗakin jira.

Daga nan mutane suka fara hawowa. Wata mai kumburarren kunci ta tsaya a ƙofa tana saurare, mako na gaba ta dawo ta shiga layin mata. Wani mai ɗab'i ya buga mana fastoci kyauta. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya hawo da auduga cike da baki, yana ta magana ba wanda ya gane, sai da ya rubuta a wayarsa: yana son mu a shirinsa.

Wasan da ya biyo baya, da rana, zaure ya cika har wasu na tsaye. Na ji wasu mutum biyu da ba su san juna ba suna gaisawa, ɗaya na cewa, "Kai ma haƙori likitan ya cire maka?" Mun ajiye wa likitan kujera a gaba, amma har aka tashi ba kowa a kanta. Ashe wata yarinya ce ta faɗo daga keke ta karya haƙori, ya tsaya a kanta.

Muna tattara kujeru ya shigo yana haki. Yaya ta dube shi, ta dube mu, ta ɗaga hannu. Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Muka rera masa guda biyu, shi kaɗai a zaune, mai shara na jingine da tsintsiyarsa a gefe.

 Da muka gama ya share ido ya ce, "Daga ƙasa sautin kawai nake ji. Ashe abin da kuke faɗa ke nan."

Na matsa zan yi masa godiyar da na shirya tun safe, sai maganar ta maƙale mini. Goggo ta dafa ni, ta ce, "Yau kuma ke ce kika rasa baki?" Ita ta yi mana godiyar. Sannan Dogo ya ɗauko mota ya kai likitan gida.