Wayar da Ta Shiga Ɗakin Yaya Kalolaine

Tun ranar da aka ɗaura mini tabarma a ƙugu bisa al'adar tsibiranmu aka ce na isa mutum, ban taɓa taka ɗakin da Yaya Kalolaine take kwana ba. Mahaifinmu bai taka na 'yar'uwarsa ba, kakanmu ma haka, kuma ban ji an ce wani namiji a zuriyarmu ya taɓa yi ba. Namiji ba ya ganin 'yar'uwarsa a kwance, ba ya zama sama da ita, ba ya sakin baki a gabanta. Ita ce sama, ni ne ƙasa, har 'ya'yanta ma suna da ikon shiga gonata su tone doyar da suka ga dama ba tare da sun tambaye ni ba. Haka muka tarar, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai shekarar da ciwo ya kwantar da ita a gidan 'yarta Sulieti, a ƙauyen Vaini da ke babban tsibiri.

Lokacin da take da lafiya, a baranda muke haɗuwa bayan an tashi daga coci, ita a kan kujera, ni a ƙasa. Da ta kwanta, baranda ta zama tawa ni kaɗai. Kullum da hantsi nakan zo da kwandon doya ko kifi, in zauna, Sulieti ta shiga da gaisuwata ta fito da amsa. Amsar ba ta sauyawa: "Ta ce ta gode, ta ce da sauƙi."

Sauƙin kuwa babu shi. Likita ya riga ya gaya wa Sulieti cewa abin da ya rage shi ne kulawa da addu'a. Daga nan kan 'ya'yan ya rabu. Manase, babban ɗanta da ke aiki a ƙasar waje, a birnin Auckland, yana so a sa ta a jirgin sama a kai masa ita, wai likitocin can sun fi. Sulieti ta ce uwarta ba za ta gusa daga kusa da asibitin da ya san ciwonta ba. Kowannensu ya tambaye ta, kowanne kuma ta ce masa, "Yadda kuka gani." Ni dai na san Yaya. Macen da ta taɓa tsayar da bikin aure har sai da aka sake jera tabarmin kyauta bisa darajar masu su, ba za ta rasa ra'ayi a kan inda za ta ƙarasa kwanakinta ba. Zaɓen ɗa a bar 'ya ne ba ta so. Mutum ɗaya ne a duniya za ta iya ba umarni ba tare da ta ɓata wa kowa rai ba, shi kuwa yana zaune a baranda, bangon bulo a tsakaninsu, muryarta kuma ta yi ƙasa har ba ta ƙetare labulen ƙofa.

Ana cikin haka Manase ya aiko da wani kwali ta hannun wani ɗan cocinmu da ya dawo hutu. Tsohuwar wayar gidan a falo take, igiyarta ba ta kai ko bakin ƙofa ba, Manase kuwa ya gaji da jin labarin uwarsa daga bakin ƙanwarsa. A cikin kwalin akwai wayoyi biyu baƙaƙe marasa igiya, kowacce da mazauninta, da wata 'yar takarda mai bayani. Ba zan ɓoye ba, da na gan su cewa na yi ɓarnar yaran zamani ce.

Duk da haka, abin da za a yi gara a yi shi bisa ƙa'ida. Na sa tabarau na ɗauki takardar.

"Kawu, ba huɗuba ba ce fa," in ji Sulieti. "Jonawa kawai ake yi."

"Wanda ya rubuta ya fara daga farko, ni ma daga farko zan fara."

"To, kafin ka kai ƙarshe Manase ya yi furfura."

Na rabu da ita. 'Yar 'yar'uwa tana da ikon yi wa kawunta tsiya, haƙƙinta ne, kuma Sulieti ba ta taɓa yafe ko ƙwayarsa ba. Ina karantawa tana aikatawa. Ta zare igiyar layi daga tsohuwar waya ta soka a bayan babban mazaunin, ta jona shi da lantarki, ta buɗe bayan kowace waya ta sa batir. Ƙaramin mazaunin lantarki kaɗai yake buƙata, sai ta kai shi ɗakin Yaya. Wata 'yar fitila ta kama, nan take Sulieti ta kai hannu za ta kira Auckland.

"Ajiye," na ce. "An rubuta cewa a bar su su kwana suna caji kafin a taɓa su."

"Haba Kawu, gwaji kawai zan yi."

"Doya ma sai ta nuna ake tonawa."

"Taka kuwa ko ba ta nuna ba tonewa nake yi," ta ce, amma ta ajiye.

Kashegari da na iso, na tarar Manase ya riga ya kira, ya yi magana da uwarsa tana kwance a kan gadonta. Sulieti ta fito baranda riƙe da ɗaya wayar, fuskarta irin ta wadda ta tsinci abu a hanya.

"Kawu, Manase ya nuna mini wani abu. Ka ga wannan maɓallin na gefe? Idan aka danna shi, wannan wayar ita ke kiran 'yar'uwarta da ke ɗaki, ba sai an bi ta ko'ina ba. Wai don Mama ta riƙa kirana idan ina madafa." Ta miƙo mini. "Ni ba na madafa. Ungo."

Ban karɓa ba. Na yi shekaru ina zama a gefen hakimin garinmu wurin shan kava, abin shanmu na gargajiya, ni nake faɗin wanda za a fara miƙa wa ƙoƙo da wanda zai biyo, kuma ban taɓa yanke hukunci ba sai na nemo inda aka taɓa yin irinsa. Tambayar a nan ita ce: idan muryar namiji ta shiga ɗakin 'yar'uwarsa har ta kai kan matashinta, shi ne ya shiga ko ba shi ba ne?

Ina ta juya abin, Sulieti tana tsaye tana kaɗa ƙafa. Can sai na tuna shekarar da mahaifiyarmu ta yi jinya can cikin tsibiran Ha'apai masu nisa, a tsibirinmu, 'Uiha, ina yaro. Ɗan'uwanta, Kawu Semisi, yakan zo ya zauna a ƙasa a bayan ɗaki, ya juya baya, su yi ta magana ta cikin bango. Bangon lokacin saƙar ganyen kwakwa ne, yana tare ido amma ba ya tare murya, kuma ban ji dattijo ko ɗaya ya ce Semisi ya yi laifi ba. Ashe al'ada ba ta taɓa hana murya ba. Bulo da siminti ne suka hana, muka ɗora wa al'ada.

"An taɓa yi," na ce. "Ba ni."

Na miƙe na warware tabarmar ƙuguna na sake ɗaura ta da kyau, na gyara wuyan riga.

"Kawu, wayar ba ta da ido."

"Ni ina da shi."

Ta nuna mini inda zan danna idan wayar ta yi ƙara, ta koma ciki. Ni kuwa na ga bai dace in yi irin wannan magana a bakin ƙofa ba, kamar mai leƙe. Girmamawa da nisa ake yin ta. Na sauka daga baranda, na wuce garken aladu, na fita ta ƙofar baya har gindin mangwaron maƙwabta, na zauna a ƙasa na naɗe ƙafafu, na juya wa gidan baya. Wayar ta yi ƙara, na danna, na fara gaisuwa yadda ta kamata, da godiya ga Allah da ya kai mu wannan safiya, da sunan mahaifinmu da na garinmu. Ban ji komai ba sai wani ƙas-ƙas kamar ana soya kifi, daga nan ta ɗauke.

Sulieti ta leƙo ta taga ta ɗaga murya har kajin maƙwabta suka watse.

"Kawu! Ha'apai ka tafi ne? Ba ta kaiwa can! Matso!"

Na taso na dawo bakin garken aladu na zauna. Ta sake kira. A wannan karon na ji wani abu a ƙarƙashin suyar, kamar numfashi, amma kalma ba ta fita. Na ƙara matsowa har gindin tankin ruwa. A nan na ji ta, siririya, tana yankewa tana dawowa.

"Lisiate... kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Ina gode wa Allah da..."

"Matso. Ba na jin ka."

Umarninta ne, don haka babu sauran neman misali. Na zo na zauna a ƙasa a gindin bangon ɗakinta, bayana jingine da bulo, kusancin da ban taɓa yi da makwancinta ba tun muna yara. Suyar ta ɗauke gaba ɗaya. Na ji muryar Yaya sarai a cikin kunnena, har da ɗan tarin da takan yi kafin ta yi wa mutum faɗa.

"Ka bar doguwar gaisuwar nan, ba ni da numfashinta. Kifin da ka kawo jiya duk ƙaya ne."

"Na yi kuskure, Yaya."

"Ka tsufa ne. Muryarka ta koma ta Baba." Na ji tana tattara ƙarfi. "Sulieti ce ke riƙe mini abin nan, hannuna ba ya iyawa. Bari ta ji, amma ba da ita nake ba, da kai nake. Ka kai ni 'Uiha. Ba a akwatin gawa ba, Lisiate. Ina so in ga bakin ruwanmu da idona, in ji ƙararrawar cocinmu. Kai ne ɗan'uwana, aikinka ne."

"Na ji, Yaya."

"Ba ji na ce ka yi ba."

"Za a yi."

"To, madalla. Gobe ka zo da wuri, akwai sauran faɗa."

Wayar ta yi shiru. Ban tashi ba, domin ba na so yarinyar ta ga fuskata a yadda take. Bayan ɗan lokaci Sulieti ta zagayo, idanunta jajir, ta zauna a ƙasa kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba.

"Can babu asibiti, Kawu. Ɗakin shan magani ne kawai."

"Ta sani."

"Na tambaye ta ya fi a ƙirga."

"Da ta gaya miki, da kin ce ta ƙi ki. Da ta gaya wa Manase, da shi ma ya ce haka. Ni kuwa ba a tambayata ko na yarda."

Ta share hanci da gefen zaninta.

"Jirgin ruwa ranar Talata yake tashi," ta ce. "Zan roƙi likita ya haɗa mana magunguna. Amma Manase, kai za ka gaya masa. Ni idan na fara, faɗa za mu yi."

Ta karɓi wayar ta danna lambobin Auckland ta mayar mini. Yana ɗauka ya fara tambaya ko an sa ranar jirgin sama. Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa kafin komai ina so in gode masa bisa abin da ya aiko, godiya irin wadda kawu bai cika samun dalilin yi wa ɗan 'yar'uwarsa ba, domin yau na ji muryar uwarsa da kunnena. Na ce ta ba ni umarni, kuma zan faɗa masa shi kalma bayan kalma yadda ya fito daga bakinta. Na faɗa.

Ya yi shiru har na ɗaga wayar na duba ko na yi nisa ne kuma. 'Yar fitilarta tana nan a kunne.

"Kawu," ya ce daga baya, "ku riƙe mini wuri a jirgin ruwan. Zan iso kafin Talata."