Muryar Baban Barka

"Saurari abin da ka ba ni!" Barka magini ya wurga faifan CD a kan tebur, ko sumuntin hannunsa bai wanke ba.

Alhassane ya sa faifan a kwamfuta. Shekara uku ke nan yana wannan aiki a shagonsa na unguwar Abdulkafi da ke garin Sahha, yana juya wa 'yan ci-ranin Nijar kaset ɗin saƙon gida zuwa MP3. Muryar wani tsoho ta yi sallama, sai ta narke ta koma ƙara, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai.

"Babana ne," in ji Barka. "Jiya aka bugo min daga Tawa, har an binne shi. Kai ka ce in naɗi amsata a kan kaset ɗin, wai ka adana muryarsa. Na naɗa, ta goge tasa, na aika!"

"Ka ba ni awa ɗaya, don Allah."

"Ba inda zan je."

Alhassane ya duba wayoyi, ya duba faifan, duk lafiya. Sai ya tuna. Watan jiya, da layi ya yi masa yawa, ya sake haɗa manhajar matse sauti da hannunsa, ya umarci kompaila, wato manhajar da ke mayar da rubutun shiri yaren na'ura, ta ƙara mata gudu iya ƙarshe. Ya sake haɗawa ba tare da umarnin ba, ya gwada da wani kaset. Murya ta fito tas. Ya maido umarnin, ya sake gwadawa. Duk inda mai magana ya sassauta murya, sai ƙarar ta cinye ta.

Ya naushi tebur. Rubutun shirin ba shi da laifi ko ɗaya. Kompailar ce ta ga wani layin lissafi, ta yanke cewa ba shi da amfani, ta zubar da shi ba ko gargaɗi.

Ya yi wa Barka bayani.

"Kompaila!" Barka ya cakumi wuyan rigarsa. "Ina gidansa? Nuna min shi! Ni kai na sani. Mutum ya sa min albarka a hankali, da muryar mai ciwo, ka ce na'ura ta ga ba shi da amfani?"

"Laifina ne. Ban saurara ba kafin in ba ka."

Faifan bai daina juyawa ba. Can cikin ƙarar, muryar ta ɓullo garau, a inda tsohon ya ɗaga ta don faɗa:

"Barka, kai wane irin yaro ne? Damina uku ba ka leƙo gida ba! Sahha kake so ta binne ka?"

Ƙarar ta sake rufe komai.

Barka ya saki rigar. Ya jawo benci ya zauna, ya matso da kunnensa kusa da lasifika.

"Mayar da shi baya," ya ce. "Daidai wurin nan."