Agogon Rantsuwa

Mudassir ya kama tsintsiyar hannun Sammani ya juya ta kamar mai duba ragon layya, sannan ya ɗaura masa agogon.

"Hannun ya yi ƙiba, Honarabul. Tun ba a fara cin gwamnatin ba?"

"Kai dai ba ka rabo da tsiya," in ji Sammani. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙoransa ba.

Agogon kuwa ya isa a tsaya a kalla. Wata tara Mudassir ya yi yana haɗa shi a ɗan shagon nan na Ƙofar Durbi da ya gada wurin mahaifinsa. Injin wani tsohon agogon Siwizalan ya wargaza ya sake ginawa da hantsaki, maƙerin farfaru ya yi masa gida na azurfa, baduku ya yanka masa jar fata. Ba batir, ba wani. Motsin hannun mai shi ne abincinsa. Alhazai biyu daga GRA sun taya, ya hana su. Shi kuwa Sammani, da za a rantsar ɗan majalisar jiha ranar Litinin tunda soja sun koma bariki, ko tayawa bai yi ba. Abin da aka faɗa ya ajiye, ya ɗora ƙari a kai, Mudassir ya turo masa ƙarin da yatsa ɗaya.

"To, sai ka nemi wurin zama. Ka san dokar Baba. Agogo ba ya barin shagon ga sai ya yi azahar zuwa la'asar a hannun mai shi, in ga ko jininku ya haɗu. In ya yi gudu ko ya yi nawa, in gyara."

"Ana jirana gidan shugaban jam'iyya fa."

"Su jira. Mutanen da suka yi shekara sha biyar suna jiran kujera, awa biyu ce za ta kashe su?"

Sammani ya zauna bisa benci. Abin da ya guje wa ke nan shekara huɗu: zama da Mudassir, ido cikin ido, babu wurin tsira. Ya zo ne da niyyar ya zube kuɗi masu nauyi ya fita, ko nauyin da ke ƙirjinsa ya ragu kafin ya dafa Alƙur'ani.

A wancan lokaci ma'aikata ɗaya suke aiki, teburi na kallon teburi. Su biyu suka rubuta wa jarida takarda marar suna kan takin manoma da manya ke karkatarwa. Da jami'an tsaro suka kira Sammani, ko marinsa ba a yi ba. Wani mai baƙin tabarau ya ajiye bulala bisa teburi kawai, sai Sammani ya ji sunan amininsa ya fita daga bakinsa kamar tari. Wata goma sha ɗaya Mudassir ya yi a tsare, aka kore shi aiki, mahaifinsa ya rasu yana ciki. Sammani aka yi wa ƙarin girma.

Agoguna talatin na bango suna ta ƙas-ƙas, kowanne da irin muryarsa. Mudassir ya maƙala gilashi a ido ya duƙufa kan wani ƙaramin agogon mata, yana ba da labarin makaranta, yana tuna masa ranar da suka saci mangwaron hedimasta. Kowace dariya tasa sai ta soki Sammani kamar basilla. Da ma zaginsa yake yi, da ya fi sauƙi.

Can ya cire gilashin. Fuskarsa ta sauya.

"Alfarma ɗaya nike nema, Sammani. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Faɗi, ko mene ne." Ya faɗa da sauri, har da murna. Kwangila? Kujerar Makka? Wallahi da gida zai ce, zai ba shi.

"Daniel."

"Wane Daniel?"

"Mai tafireta na ofishinmu, wanda ya buga mana takardar. Mu uku muka san zancen. Ni ne, kai ne, shi ne. Kai ɗan'uwana ne, nono kawai ya raba mu. To saura wa?" Ya ɗaga kafaɗa. "Da na fito ya zo yi mani gaisuwar Baba, ya miƙo hannu gaban mutane, na bar shi da hannunsa a iska. Duk Kirsimeti matarsa Lami sai ta aiko da shinkafa, in mayar. Ka ga rashin kunya? Ba kora nike so ba, yana da 'ya'ya biyar. Ka dai sa baki a jefa shi ƙauyen da ko mota ba ta zuwa. Ya ɗanɗana."

Sammani ya hango shi a ransa. Daniel, siririn mutumin nan mai gyaran murya kafin ya yi gaisuwa, wanda ya buga takardar bayan an tashi aiki bai karɓi ko kwabo ba. Abu ne mai sauƙi ya ce za a duba. Kowa haka yake cewa, kuma daga Litinin shi ma sana'arsa ke nan.

Ladanin unguwa ya fara gwada lasifika. Mudassir ya taso ya sake kama hannunsa, yana duban agogon, yana duban babban na bango.

"Ko daƙiƙa bai ɓata ba. Kai, na yi aiki!" Sai ya ɗan dakata. "Mi ya same ka? Jijiyarka na bugu kamar ka yi tsere."

"Ba Daniel ba ne."

"Mi ka ce?"

"Ba shi ba ne, Mudassir."

"To wa?"

Sammani ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa, irin na ƙato, masu zuwa babu sauti. Mudassir bai saki hannun ba. Ya daɗe yana kallonsa, babban yatsansa bisa jijiyar, har ladan ya kai ƙarshen kiran salla.

A hankali ya kwance fatar, ya goge agogon da gefen rigarsa, ya mayar cikin akwatinsa. Ya tura wa Sammani kuɗinsa har bakin teburi.

"Jininku bai haɗu ba," ya ce.

"Ka zage ni. Don girman Allah ka ce wani abu."

Mudassir ya ɗauki hularsa daga ƙusa, ya karkaɗe ta.

"In ka fita ka jawo mani ƙofar."

"Ina za ka?"

"Masallaci. Daga nan Kambarawa, gidan Daniel." Ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. "Ban ma sani ba ko zai karɓi hannuna."