Mikiya ta Uku a Inji na Sha Huɗu

"Ɗauko ta kika yi?" Oddvar ya yunƙura daga kan gado, tari ya mayar da shi. "Haba, Borghild!"

Ina tsaye a ƙofar ɗakinsa da matacciyar mikiya cikin buhu, takalmana duk taɓo. Ni da na zaci godiya zan sha!

Shekara goma sha ɗaya maƙwabcin nan nawa yana zagaya injinan iska masu samar da lantarki na tsibirinmu duk Litinin, yana neman tsuntsayen da fukafukan injin suka sare. Da ciwon huhu ya kwantar da shi, ni ya lallaɓa na je masa, ni da ko mushen kaza ba na iya taɓawa.

"To, in bar wa hankaki ita?" na ce.

"Sai an ɗau hoto a inda ta faɗi, an auna nisanta da gindin inji. In ba haka ba, 'yan ofis za su ce a bakin teku muka tsinto ta." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ita ce ta uku a inji na sha huɗu bana. In uku suka tabbata, dole su tsayar da shi har 'ya'yan mikiya su bar sheƙa."

"Me ya hana ka faɗa mini tun safe?"

"Na faɗa. Kina can kina mitar gahawar gidana ta cika ruwa."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa haushina ya ƙaru. Na saɓi buhun zan mayar da ita, ya ɗaga hannu.

"A'a, wannan ƙarya ke nan. Sa ta a firiza. Jininta da gashinta za ki nemo, kafin ruwa ya wanke."

'Yarsa Tove ta miƙo mini igiyar awo.

Awa biyu na yi ina rarrafe cikin ciyawa, da tsufana, fukafukan nan suna wucewa bisa kaina, ina zagin Oddvar da mikiyoyinsa. An fara yayyafi ke nan na ga jini a jikin dutse, da farin gashin jela guda biyu. Na ɗau hoto, na auna, na sake aunawa.

Da na dawo, Tove na zaune a dakalin ƙofa ruwa yana dukanta. Ina ganin fuskarta na gane Oddvar ya cika. Na wuce ciki da takalmana, na tsaya a kansa.

"Mita arba'in da bakwai, arewa da inji," na ce. "Ka ji ko, mai taurin kai? Sau biyu na auna."

Sai kuka ya ƙwace mini. Ban san ina son tsohon nan haka ba.

Ni da Tove muka cike takardar rahoton da ake kai wa 'yan ofis, muka rubuta gaskiya cewa an ɗauke tsuntsuwar kafin awo, muka aika ba mu san ko za su karɓa ba.

Mako uku da binne shi, ina wanke kofuna da safe, na ɗaga kai ta taga. Injinan kan tudu duk suna juyawa, ban da guda ɗaya.